Hadda Kawai Ko Har Da Tunani? Muhawara a Zauren Malaman Daura

Malama Hajara (Kimiyya, ƙaramar sakandare): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, kuma don Allah a tanka, kar a bar ni da alamar babban yatsa kawai. A gwajin tsakiyar zango na tambayi 'yan aji biyu ma'anar ƙafewar ruwa, wato yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska. Kusan kowa ya rubuto ta tsaf, har da waƙafin da na sa a allo. Can ƙasa sai na ce: me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi alhali ɗaki ɗaya suke? Nan fa aka bar mani fili fari fat. Wasu suka sake kwafo ma'anar nan ta sama. Yaran nan kullum daga randa suke sha, kuma amsar tana cikin abin da suka haddace, amma ba su ga alaƙar ba. Ina matsalar take, kuma me kuke yi a azuzuwanku?

Malam Rabe (Lissafi): Wa alaikumus salam. Malama, matsalar a fili take. Ajina ɗaya ya haura yara 100, minti 40 gare ni, goma daga ciki suna tafiya wajen tsawatarwa da jiran a samu wurin zama. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Wa ya taɓa ganin haka a makarantar gwamnati? Ga jadawalin zango, in ba ka ƙare shi ba a ce ka yi sakaci. Ka rubuta, su kwafa, ka yi bayani, an kaɗa ƙararrawa. Tunanin a ina za a sa shi?

Baba Hedimasta (mai ritaya): Ku yara kuna ta kukan hadda kamar wata cuta ce. Mu da hadda aka rene mu. Jadawalin sau har 12 a ka muke da shi, kuma har gobe ba na neman na'ura in zan yi lissafin buhunan gero. Yaron da bai san bakwai sau takwas ba me zai yi tunani a kai?

Malama Hajara: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce a zubar da hadda ba. Cewa na yi mun tsaya a kanta.

Malam Mannir (Kwalejin horon malamai): Baba da Malama Hajara duk kuna kan hanya ɗaya. Abin da muke koya wa ɗaliban NCE ke nan a shekararsu ta farko, sai dai da sun fita sai ya zama abin rubutawa a shirin darasi don sufeto ya gani. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan koyo guda shida, aka sake yi musu kwaskwarima a 2001. A sabon jerin akwai tunawa, fahimta, aiki da abin da aka sani, feɗe abu a ga sassansa, auna shi a yanke hukunci, sai ƙirƙiro sabo. Ukun ƙarshe su ake kira tunani mai zurfi. Tunawa ita ce ƙasan tsani, ba a hawa sai da ita, don haka Baba bai yi kuskure ba. Amma duk wanda ke da takardar jarrabawar zangon da ya wuce ya ɗauko ta yanzu ya ƙirga. Nawa ne suka fara da "kawo ma'anar", "lissafo", "ambaci"? Nawa ne suka fara da "me ya sa", "kwatanta", "me zai faru in da", "wanne ya fi, kuma don me"? Yaro ba wawa ba ne. Abin da ya ga ana ba shi maki a kai shi zai tanada.

Tambayar randar nan mai kyau ce ƙwarai. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Roba ba ta tsattsafo. Wannan fahimtar ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yi aiki da ita: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta kamfanin Rolex saboda ita. Ma'anar da yaranki suka haddace ita ce shi ma ya sani, ya dai hau da ita sama ne.

Malama Hajara: Na gode Malam. Wallahi gobe zan sa a kawo tulu biyu, ɗaya mu shafe shi da fentin mai. Kafin mu zuba ruwa kowa ya rubuta wanda yake ganin zai fi sanyi da dalilinsa.

Malam Mannir: Madalla. Ki ƙara musu da wannan: da bazara ko da tsakiyar damina, yaushe randa ta fi sanyaya ruwa? Wanda ya gane cewa in iska ta cika da laima ba ta busar da komai da sauri, ya gama fahimtar darasin.

Malam Rabe: Kimiyya tana da abin taɓawa. Ni fa? Kuma har yanzu ba wanda ya ce mani komai kan yara 100.

Malama Murja (Firamare, aji huɗu): Yaya Rabe, nawa ma sun kusa naka, kuma nawa ƙanana ne. Abin da nake yi ba ya cin kuɗi. In na yi tambaya ba na yarda a ɗaga hannu nan take. Sai in ce kowa ya yi shiru ya yi tunani, sannan ya juya ga na kusa da shi a benci su faɗa wa juna, sannan in nuna wanda na ga dama. Minti uku ya isa. Aji yakan ɗau surutu, amma surutun darasi ne. Abin da ya fi burge ni 'yan matan baya da ba su taɓa buɗe baki ba. In yarinya ta riga ta faɗa wa ƙawarta, ƙawar ta gyaɗa kai, to in ka nuna ta takan iya miƙewa. Da can yara biyar ɗin gaba ne ke amsa komai, sauran suna kallon taga.

Malam Mannir: Wannan dabara Frank Lyman ya tsara ta a 1981 a Jami'ar Maryland, kuma don azuzuwa masu yawan yara kamar an yi ta ne. Akwai kuma binciken Mary Budd Rowe na shekarun 1970. Ta naɗi muryoyin malamai a aji, ta gano yawanci malami daƙiƙa ɗaya kacal yake jira bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya wuce ga wani. Da aka koya musu jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu. Daƙiƙa uku fa. Mu kan ce "wa ya sani? Ba kowa? To ku rubuta" duk a numfashi ɗaya.

Malam Rabe: To na ji. Kawo misalin lissafi.

Malama Murja: Kai ne malamin lissafi, amma ga nawa na 'yan firamare. Na rubuta a allo: rabi a tara da sulusi, wani yaro ya samu biyu bisa biyar. Na ce ban ce ku yi lissafin ba, ku faɗa mani yadda za a gane ba daidai ba ne tun kafin a yi. Aka daɗe shiru. Sai wata yarinya da ke tallar ƙuli da yamma ta ce, Malama, biyu cikin biyar ai ba su kai rabi ba, ya za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu? Ban koya mata wannan ba. Tun ranar duk wanda ya kawo amsa sai ajin ya tambaye shi ko ta yi kama da gaskiya.

Malam Rabe: Wannan kam ta yi. Bari in ba da nawa tunda an matsa. Igiya mai tsawon mita 40, za a kewaye fili mai kusurwa huɗu don ɗaure awaki. Yaya za a ja ta fili ya fi girma? Wani zai ce 15 da 5, ya samu 75. Wani 12 da 8, ya samu 96. Mai 10 da 10 ya samu 100. Igiya ɗaya, fili daban-daban. Nakan yi ta wani lokaci, kuma yara na son ta. Amma ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya: darasi guda take cinyewa. Jarrabawar BECE ta ƙaramar sakandare da WAEC da NECO ba za su tambayi yaro yadda ya ji daɗin awaki ba.

Malam Mannir: Ba za su tambaya ba, amma ɓangaren da ake rubuta bayani cike yake da tambayoyin da aka juya su yadda yaro bai saba gani ba. WAEC na fitar da rahoton manyan masu duba takardu, kuma ƙorafin da ke yawan dawowa shi ne ɗalibai ba su fahimci abin da tambaya ke nema ba. Yaron da ya ja igiyar nan da hankalinsa ba zai ƙara rikita kewaye da faɗin fili ba. Wanda ya haddace dabarar kawai, da an canza kalma ɗaya ya ɓata. Darasi guda ka kashe, amma ka huta da maimaita shi sau uku.

Ustaz Bishir (Islamiyya): Salamu alaikum. Na ga ana ta ambaton Turawa, to bari in tuna mana abin gida. A zaure, bayan yaro ya sauke, karatun da ke biye ba hadda ba ce zalla. Malam zai karanta, ya fassara, sannan ya jefo mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa shaƙiƙi, a raba. Ba ka da inda za ka kwafo, sai ka san ƙa'ida ka kuma san wa ke katange wa. Almajirai su yi ta ja-in-ja har a kira salla. Katsina ba a san ta da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani don sun iya maimaita abin da aka faɗa musu kawai ba, rubutu suka yi da kansu. Kuma akwai Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda ya yi rubutu kan yadda ake jera lambobi a murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Malam Rabe, ka ba yaranka gida tara, lamba 1 zuwa 9, ka ce kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ba da jimla ɗaya. Kar ka faɗa musu jimlar.

Malam Rabe: Allah ya gafarta Malam, 15 ce. Duka lambobin 45 ne, a raba wa layi uku. Kuma dole 5 ta zauna tsakiya. Tambayar da zan yi musu ita ce don me dole. Sai dai ina tsoron wani uba ya ga takardar ya ce hatimi nake koya wa ɗansa.

Ustaz Bishir: Ka ce masa lissafi ne, in bai gamsu ba ka turo shi wurina.

Malam Lawal (Tarihi da zaman jama'a): Tunda an shigo tarihi. Ni abin da na gwada ya jawo mani magana, ina son jin ra'ayinku. Kowane yaro a garin nan ya san labarin Bayajidda: ya baro Bagadaza, ya zauna Borno, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. In na ce su lissafo Hausa Bakwai, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram, kafin in rufe baki sun gama. Sai na ce to mu zauna mu duba labarin. Da ya iso ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiya, da maƙera a hanya. Me wannan ke nuna mana game da mutanen da ke nan kafin zuwansa? An ce ran Juma'a kawai ake ɗibar ruwa. Me ya sa Juma'a, kuma me za mu iya fahimta game da lokacin da labarin ya ɗauki siffar da muka san shi da ita? In wani daga cikin waɗanda aka kira Banza Bakwai ne ke ba da labarin, haka zai ba da shi? Na raba su rukuni-rukuni, na ce kowa ya je ya tambayi kakarsa ko kakansa yadda ya ji labarin, a zo a gwada a ga inda aka haɗu da inda aka rabu. Ban taɓa ganin ajin ya yi rai kamar ranar ba. Washegari wani dattijo ya aiko mani cewa ina koya wa yara ƙaryata iyaye.

Baba Hedimasta: Ni ma da zan aiko maka, Lawal. Akwai abin da ba a sa shi gaban yara ana jujjuyawa. Yau ya tuhumi labarin Kusugu, gobe ya tuhumi ubansa. Tarbiyya ta fi wayo.

Malam Lawal: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce ƙarya ne a ajin. Hasali ma yaran da ba su taɓa zama da kakanninsu ba sun je sun zauna, wasu har Kusugu suka sa aka kai su. Ni a ganina wannan girmama tarihi ne. Wanda aka ba labari ya haɗiye bai tauna ba, ranar da wani ya yi masa dariya a jami'a ko a Facebook zai zubar da shi gaba ɗaya, don ba shi da abin kare shi.

Ustaz Bishir: Baba, a gafarce ni in sa baki. Malaman hadisi ai aikinsu ke nan: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riske shi kuwa? Ba su yi don raini ba. Abin da za a koya wa yaro shi ne ladabin tambaya. Akwai bambanci tsakanin "ƙarya ne" da "Malam, ta yaya aka san haka?"

Baba Hedimasta: Na ji ta Ustaz. Amma ina nan kan bakana cewa ba kowane malami ne zai iya riƙe irin wannan aji ba. Wanda bai ƙoshi da ilimin ba, yara za su tambaye shi ya rasa amsa, sai ya huce da bulala. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta fitar da su Sardauna da Tafawa Balewa ne don an zaɓi malamai an kuma zaɓi ɗalibai, 'yan kaɗan ne a aji. Ku fara gyara malamin.

Hajiya Binta (uwa, kwamitin iyaye): Ni ba malama ba ce, amma ina da huɗu a makaranta. Abin da ba ku taɓo ba shi ne Turanci. Ɗana in kuna hira da Hausa sai ya kai ku ƙarshen zance, kacici-kacici ba wanda ke kayar da shi a gidan, dara kuwa har manya yake ci. Ya shiga aji ya zama kurma. Ba tunanin ne babu ba, bakin faɗa ne babu. Sannan in ya yi kuskuren Turanci aji ya kwashe da dariya, wani lokaci har da malamin. Wa zai ƙara ɗaga hannu?

Malama Murja: Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni dai in an zo wurin "me ya sa", nakan ce a tattauna da Hausa, in mun kama ma'anar sai mu gina jimlar Turancin tare a allo. Dariya kuwa na hana ta tun makon farko. Amsar da ba daidai ba nakan rubuta ta a allo ba tare da sunan mai ita ba, mu bi ta mu ga inda ta kauce.

Malam Mannir: An gwada wannan a ƙasar nan. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ife daga 1970, aka koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba. Ko me hukuma ta tsayar game da harshen koyarwa, ba wanda zai hana ki minti uku na Hausa don yaro ya gane.

Sada (ɗalibin NCE, yana koyon aiki): Iyayena malamai, ina ta karantawa. Tambayata ita ce maki. In tambaya ba ta da amsa ɗaya, yaya zan duba takarda 90 ban zalunci kowa ba? Kuma aikin gida yanzu wasu a waya suke samo amsa.

Malam Lawal: Sada, kafin ka ba da tambayar ka rubuta wa kanka abin da kake nema, kuma ka faɗa wa yaran. Ni in maki biyar ne: ɗaya na matsayar da ya ɗauka, uku na dalilai, ɗaya na misali daga abin da ya gani da idonsa. Yara biyu za su iya saɓa wa juna kowa ya ci biyar. Kuma kar ka cika takarda da irinsu, ɗaya ko biyu sun isa, sauran na tunawa ne. Maganar waya, ka ba da abin da sai an taka ƙafa: ya tambayi mai awo farashin tiyar gero da kaka da kuma yanzu, ya yi bayanin abin da ya kawo bambancin, ya ce in shi ne manomin yaushe zai sayar.

Malam Rabe: Ni dai har yanzu ina ganin jadawalin zango zai kayar da mu. Amma ga shawara: kowa ya ɗauki darasinsa na mako mai zuwa ya turo tambaya ɗaya tak irin wannan, a gyara masa a nan kafin Litinin. Ran Juma'a kowa ya faɗi minti nawa ta ci da kuma ko ya ƙare darasin. In ta ci rabin lokaci zan faɗa ba kunya.

Sada: Ga tawa, darasin zaizayar ƙasa da kwararowar hamada, aji ɗaya na ƙaramar sakandare: "Shin sare itatuwa yana da kyau ko ba shi da kyau?"

Malama Hajara: Ƙanena, wannan kowa zai ce ba kyau ya zauna, don ya san abin da kake son ji. Ka sa su cikin matsi.

Baba Hedimasta: Ɗana, rubuta haka. Mutum yana da gawo uku a gonarsa, gida babu itacen girki, babu kuɗin gawayi. Maƙwabcinsa ya ce ya sare ɗaya, matarsa ta ce a yi sassabe a rassan kawai. Wace shawara za ka ba shi, kuma me gonar za ta rasa in ya sare? Ɗan manomi ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ya san yadda gero ke yi a ƙarƙashinsa. Ka bar 'yan ƙauye su fara magana kafin 'yan cikin gari.

Sada: Na gode Baba, na kwafe. Minti nawa zan ba su?

Malama Murja: Ɗaya na shiru, biyu da na kusa, sannan ka ɗaga mutum huɗu daga benci daban-daban, biyu mata biyu maza. Ka tanadi allo gefe guda don rubuta dalilansu.